Wa Ya Ce Ɗan Talaka Ba Shi da Buri?

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, 'yan Arewa mazauna gabashin Landan suka kama wani zaure na haya domin a gaisa, a ci waina da miyar taushe, yara su ga juna. Bayan an idar da La'asar, wani dattijo da ya daɗe a ƙasar ya tara yaran a gabansa, ya jefa musu tambayar nan da kowane babba kan yi wa yaro idan hira ta ƙare masa: "In kun girma me za ku zama?"

Ƙananan ba su bari ya rufe baki ba. Wannan likitar yara, wancan matuƙin jirgin sama, wata 'yar shekara bakwai ta ce ita alƙaliya za ta zama, ta ɗaure duk wanda ya taɓa mamanta. Aka yi dariya. Sai dattijon ya waiwayi wani saurayi ɗan kimanin sha bakwai da ke jingine da bango, ya ce, "Kai fa, ɗana?" Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kawu, duk abin da ya samu."

Nan fa zance ya ɓarke a ɓangaren maza. Wani ya ce yaran nan sun samu wuri. Wani ya ce makaranta kyauta, littafi kyauta, har bas kyauta suke hawa, amma zuciya ta mutu. Wani ya tuno yadda ya yi karatu da aci-balbal a ƙauyensu, ga shi yau injiniya ne a Ingila.

Ƙorafin nan ba baƙo ba ne. A Kano ana cewa ɗan talaka ba ya son karatu. A Birtaniya 'yan siyasa sun daɗe suna cewa ciwon unguwannin talakawa shi ne ƙarancin buri. Bakin ya bambanta, zancen ɗaya ne, kuma duka biyun sun tsallake tambayar da ta fi kamata a yi. Saurayin nan, shekara goma da suka wuce, shi ma hannunsa na sama tare da sa'o'insa. Tsakanin bakwai da sha bakwai, me ya sauke masa hannu?

1. Yaro ba ya mafarkin abin da bai taɓa gani ba

A 2018 wata ƙungiyar agaji da ke Landan, Education and Employers, ta yi wani abu mai sauƙi. Ta miƙa wa yara kimanin 20,000, 'yan shekara 7 zuwa 11, mafi yawansu a Birtaniya, takarda da fensir. Ta ce kowa ya zana aikin da yake so ya yi in ya girma, ya kuma faɗi inda ya san aikin. Kashi 36 cikin ɗari suka ce wani da suka sani ne ke yinsa, ko uwa, ko uba, ko wani na jiki. Cikin sauran, kusan rabi a talabijin ko fim ko rediyo suka tsinci abin. Waɗanda suka san aikin don wani ma'aikaci ya taka ƙafa ya zo makarantarsu ya yi musu bayani kuwa, ba su kai kashi ɗaya ba.

A yi wa wannan lissafi karatun ta-natsu. Ɗan lauya yana tashi ya ga baƙar rigar kotu a rataye a ɗakin ubansa. Ya san sunayen abokan uban, ya ji suna gardamar shari'a a kan abinci, ya san wace jarrabawa ake fara ci kafin wace. Ɗan mai gadin dare shi ma ya san aikin ubansa ciki da bai: ya san sa'ar fita, ya san ciwon baya, ya san ba ya son ya gaje shi. Abin da bai sani ba shi ne hanyar da ke fita daga nan zuwa can. Yana iya cewa "likita" da bakinsa, amma babu wanda zai gaya masa tun yana ɗan sha huɗu cewa in bai riƙe kemistiri da kyau ba, ƙofar ta rufe tun kafin ya iso bakinta. Ba a fafe gora ranar tafiya, sai dai shi ba a gaya masa ranar tafiyar ba.

Akwai wani dogon bincike mai suna ASPIRES da Farfesa Louise Archer ta fara jagoranta a King's College ta Landan a 2009. Ta bi yara tun suna 'yan shekara goma har suka wuce ashirin. Abin da aka gani shi ne yawancinsu suna jin daɗin darasin kimiyya, iyayensu ma suna ganin darajarsa, amma waɗanda ke cewa za su zama masana kimiyya ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Da aka duba su wane ne 'yan kaɗan ɗin, sai ga shi akasari yaran da ke da wani a gida ne mai alaƙa da fannin, ko gidan da ake hirar irin waɗannan abubuwa. Masu binciken ba su tarar da ƙarancin buri a gidajen talakawa ba. Burin na nan, har da rara. Abin hawa ne babu.

Magajin garin Landan na yanzu, Sadiq Khan, ɗan direban bas ne daga Pakistan, mahaifiyarsa tela, su takwas suka tashi a gidan gwamnati a kudancin birnin. Likitan haƙori ya so ya zama. Wani malaminsa ya lura da yadda yake son gardama, ya ce masa ya gwada aikin lauya. Magana guda daga bakin babba guda ta juya masa akala. Mu kan ji wannan labari mu ce madalla da malamin. Ni abin da ke tayar mini da hankali shi ne dubban yaran da ajinsu bai samu irin wannan malami ba, kuma gidansu ba shi da wanda zai maye gurbinsa.

2. Tsallaken titi ne tsakaninsu

Wanda bai taɓa zuwa Landan ba yakan ɗauka mai kuɗi na gabas talaka na yamma, kamar yadda Bompai ta yi nesa da Kurna. Ba haka garin yake ba. A ƙaramar hukumar Tower Hamlets ne Canary Wharf take, inda dogayen benayen gilashi na bankunan HSBC da Barclays suke. A wannan ƙaramar hukuma dai, shekara da shekaru, kusan rabin yara a cikin talauci suke idan aka cire kuɗin haya daga abin da iyayensu ke samu. Yaron unguwar Poplar, wataƙila ɗan Bangaladash ko ɗan Somaliya, yana leƙa taga ya ga benayen nan suna ƙyalli. Yana iya yiwuwa mahaifiyarsa ma tana shigarsu kullum, da asuba, ta share ta goge ta fito kafin masu kwat su iso. Ya ga ginin, ya san ta wace ƙofa danginsa ke shiga.

Sai maganar muhalli, wadda masu cewa "makaranta kyauta" ba sa sawa a ma'auni. Ƙungiyar ƙananan hukumomin birnin, London Councils, ta ƙiyasta cewa idan aka raba, a kowane aji na makarantun Landan akwai aƙalla yaro ɗaya da ke zaune a masaukin wucin gadi saboda iyalinsa ba su da gida. Wasu ɗaki guda ne a otel mai araha, uwa da 'ya'ya huɗu, babu teburi, babu wurin girki. Yau a ajiye su a nan, bayan wata uku a kwashe su zuwa wata unguwa mai nisa, yaro ya riƙa hawa bas biyu ko uku kafin ya kai makaranta. Malama ta ba da aikin gida, ta ce a yi shi a kwamfuta. Yaron da ya kasa kawowa ba malalaci ba ne. A kan gado yake rubutu, ƙanensa na kuka a gefe.

Wanda yake son ganin ƙarshen wannan zance, ya tuna daren 14 ga Yunin 2017. Benen Grenfell mai hawa 24 yana Kensington da Chelsea, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi mafi arziki a duk Birtaniya, tafiyar ƙafa ce tsakaninsa da gidajen da ake sayarwa miliyoyin fam. Wuta ta tashi daga firji a hawa na huɗu, ta kama rufin da aka manna wa bangon ginin ta waje, ta haye sama cikin mintuna. Mutum 72 suka rasu, 18 daga cikinsu yara. Mazauna benen sun sha kai kuka kan hatsarin gobara kafin wannan dare. A Satumbar 2024 kwamitin bincike ƙarƙashin Sir Martin Moore-Bick ya ce duk mutuwar nan abin da za a iya kauce wa ce.

Cikin waɗanda suka tsira akwai wata yarinya 'yar shekara 16 da ta fito da takardun bitarta, gari na wayewa ta je ta zauna jarrabawar kemistiri. A gaya mini, wace irin zuciya ce ta mutu a nan?

Cikin waɗanda ba su fito ba akwai Khadija Saye, 'yar asalin Gambiya, mai shekara 24, da mahaifiyarta, a hawa na 20. Labarinta ya ƙunshi duk abin da nake son faɗa. Tana yarinya ta riƙa zuwa wata cibiyar taimakon karatu a unguwarsu, IntoUniversity. Tana 'yar sha shida ta ci tallafin karatu zuwa Rugby, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun kwana na 'ya'yan manya. Ta karanci ɗaukar hoto a jami'a, ta samu wata fitacciyar mai zane, Nicola Green, ta riƙe hannunta. A watan da wutar ta tashi, hotunanta suna rataye a babban baje kolin fasaha na birnin Venice a Italiya. An buɗe mata ƙofa, ta shiga da gudu, ta nuna abin da 'yar gidan gwamnati za ta iya. Amma da dare ya yi, benen nan dai ta koma ta kwanta. Tallafin karatu ya ɗauki yarinya ɗaya ya kai ta Rugby, bai taɓa bangon da ita da maƙwabtanta ke kwana a ciki ba.

3. Mai uwa a gindin murhu

Kimanin kashi 7 cikin ɗari na yaran Birtaniya ne ke zuwa makarantun kuɗi. A 2019 gidauniyar Sutton Trust tare da hukumar gwamnati mai lura da ci gaban 'ya'yan talakawa suka ƙirga manyan ƙasar. Kashi 65 na manyan alƙalai daga waɗannan makarantu suka fito. Kashi 59 na manyan sakatarorin ma'aikatu haka. Kashi 44 na masu rubuta sharhi a jaridu, wato abokan sana'ata, haka. Makarantar Eton kaɗai, da ke kusa da Windsor a yammacin Landan, ta fitar da firaminista 20. Kuɗinta na shekara, tun da aka ɗora wa makarantun kuɗi harajin kashi 20 a Janairun 2025, ya haura fam 60,000, abin da ya zarce albashin shekara na matsakaicin ma'aikaci nesa ba kusa ba. Shekara guda kafin wancan rahoto, gidauniyar ta nuna cewa makarantu takwas kacal sun tura ɗalibai Oxford da Cambridge fiye da wasu makarantu kusan 2,900 a haɗe.

Wani zai ce ai sun fi koyarwa ne. Suna koyarwa, ba musu, ajinsu ƙanana ne, ɗakin gwajinsu cike yake. Amma uban da ke zuba wannan kuɗi ya san abin da yake saye ya wuce darasi. Yana sayen abokai. Yana sayen harshe, irin lafazin da idan yaro ya buɗe baki a gaban masu tantancewa za su ji kamar ɗansu ne ke magana. Yana sayen malamin da ya san yadda ake amsa tambayoyin shiga Oxford domin shi ma can ya yi. Hausawa sun gama magana: mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Ko a cikin makarantun gwamnati kuɗi bai yi barci ba. Ana ɗaukar yaro ne gwargwadon kusancin gidansu da makaranta, saboda haka duk makarantar da ta yi suna, gidajen da ke kewaye da ita sai su yi tsada. Mai hali ya sayi gida a bakin ƙofa, ya ce ɗansa a makarantar gwamnati yake kamar kowa. Da yamma kuma ga malamin lesin. Wani ƙiyasi na Sutton Trust a 2023 ya nuna kusan rabin ɗaliban sakandaren Landan sun taɓa samun lesin na kuɗi, adadin da ya fi na sauran ƙasar. Wanda ya san abin da ake biya a awa ɗaya ya san 'ya'yan wa suka fi yawa a ciki.

Amma a ganina babban abin da ɗan mai kuɗi ya fi ɗan talaka da shi ba ya cikin kowane rahoto. Shi yana da damar ya faɗi. In ya faɗi jarrabawa, a sake biya ya maimaita. In ya gama jami'a yana son aikin jarida ko fim ko siyasa, yana iya yin wata shida yana koyon aiki ba albashi, yana kwana a gidan iyayensa a tsakiyar gari, har a san fuskarsa. Ɗan talaka harsashi guda gare shi. In ya harba ya kuskure, babu na biyu, kuma ba shi kaɗai zai ji a jikinsa ba, har da ƙannensa da kuɗin hayar gida. Saboda haka yake zaɓen abin da ya tabbata zai kawo albashi da wuri, ko da ba shi ne a ransa ba. Mu kuma mu kalle shi mu ce ba shi da buri, alhali lissafi ya yi, kuma lissafin nasa daidai ne.

4. Abin da Landan ta yi daidai, da inda ya tsaya

Kada a ce na zo da baƙin labari zalla. Shekara talatin da suka wuce makarantun gwamnati na tsakiyar Landan abin gudu ne. A 1995 sai da aka rufe makarantar Hackney Downs don lalacewa. A 2003 gwamnati ta ƙaddamar da shirin London Challenge ƙarƙashin Tim Brighouse: aka haɗa makarantu masu rauni da masu ƙarfi, aka tura gogaggun shugabanni, aka bi sakamakon kowane yaro, aka zuba kuɗi. A filin da Hackney Downs ta mutu aka buɗe Mossbourne a 2004, ta zama abin kwatance. Yau ɗan talakan Landan ya fi ɗan talakan kowane yanki na Ingila cin jarrabawa da shiga jami'a.

Labarin da ya fi daɗin faɗa shi ne na Brampton Manor, makarantar gwamnati a East Ham, cikin Newham, ɗaya daga cikin yankuna mafi talauci a birnin. Shugabanta, Dakta Dayo Olukoshi, ɗan asalin Najeriya ne. Ana buɗe ƙofa tun ƙarfe shida na safe ga mai son bita. A 2021 ɗalibanta 55 suka samu gurbi a Oxford da Cambridge, Eton ta samu 48. Da yawansu baƙaƙen fata ne, 'ya'yan baƙi, waɗanda su ne na farko a gidansu da za su taka jami'a. Wannan ya isa ya rufe bakin duk mai cewa ƙwaƙwalwa gado ce.

Sai dai a nan nake rabuwa da masu ɗaukar Brampton su mai da ita bulala. Ajin shekaru biyun ƙarshe na makarantar, inda waɗannan sakamako ke fitowa, zaɓe ake yi. Dubbai ke nema daga ko'ina a birnin, ɗaruruwa ake ɗauka, kuma sai wanda ya riga ya ci jarrabawar 'yan sha shida da kyau. Wato wanda ya riga ya tsallake rami ne ake miƙa wa hannu. Aiki ne mai kyau, amma bai ce komai ba game da yaron da ya zame tun yana ɗan sha biyu. Har ila yau, wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Bristol, Simon Burgess, ya yi nazari a 2014 ya ce babban sirrin nasarar Landan shi ne yawan 'ya'yan baƙi, waɗanda iyayensu suka ƙetaro teku da yunwar ilimi. In haka ne, to iyayen da ake zargin 'ya'yansu da mutuwar zuciya su ne ma suka ɗaga garin.

Baƙi sun san wannan yaƙi tun da daɗewa. A 1971 wani malami ɗan tsibirin Grenada, Bernard Coard, ya fallasa yadda ake kwasar 'ya'yan baƙaƙen fata daga yankin Karebiyan ana zuba su a makarantun masu taɓin fahimta ba bisa ƙa'ida ba. Iyaye ba su tsaya kuka ba. Suka buɗe makarantun Asabar a majami'u da zauruka, suna koyar da lissafi da Turanci da tarihinsu. Mu da muke da Islamiyya a kowace unguwar da muka taru, ban ga abin da zai hana a ƙara awa ɗaya ta lissafi bayan hadda ba, tunda cikin iyayen akwai likitoci da akantoci.

Kuma wani lokaci maganin bai kai girman da ake zato ba. Tun Satumbar 2023 kowane ɗan firamaren gwamnati a Landan yana cin abincin rana kyauta da kuɗin ofishin magajin gari. Kafin nan, a yawancin unguwanni, idan yaro ya wuce azuzuwan farko, iyalin da ke karɓar tallafin gwamnati sai abin da suke samu daga aiki ya gaza fam 7,400 a shekara kafin a ba ɗansu. Wanda ya haura da fam goma, ya biya ko ɗansa ya wuni da biskit. Sadiq Khan ya ci irin wannan abinci yana yaro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

5. Shingen ƙarshe

A ce yaro ya tsallake duk wannan, ya ci jarrabawa, jami'a ta kira shi. A 2025 kuɗin makaranta a Ingila ya kai fam 9,535 a shekara, ban da ci da kwana. Gwamnati na ba da bashi, amma bashin da ruwa. Ga gidan Musulmi wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2013, a wani taron tattalin arzikin Musulunci da aka yi a Landan, Firaminista David Cameron ya yi alƙawarin samar da tsarin da babu riba. An haura shekara goma ana jira. Mai kuɗi ya biya wa 'yarsa lakadan, bai shiga wannan tsaka mai wuya ba. 'Yar direban tasi ce za ta zaɓa tsakanin abin da malaminta na Islamiyya ya karantar da ita da digirin da take so.

Ga kuma takardu. Yaron da aka haifa a ƙasar ko ya tashi a cikinta, in iyayensa ba su da izinin zama na dindindin, rajistar zama ɗan ƙasa kaɗai ta haura fam 1,000 a 2025. Gidan da ke da yara uku, uwa na aikin kula da tsofaffi, sai a zaɓi wanda za a fara yi wa.

6. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce, to mu ina ruwanmu da matsalar waɗanda ke cin abinci kyauta a makaranta? Da ruwanmu, domin irin tukunyar ce aka ɗora mana. Makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 da 'ya'yan sarakuna da malamai ta fara. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 'yan ƙalilan aka tsara ta ɗauka. Amma duba abin da ya faru da ƙofar ta ɗan buɗe. Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne. Ya shiga Katsina, ya zama malami, a 1945 aka tura shi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, Malam Aminu Kano ya biyo bayansa a shekara ta gaba. Ɗaya ya dawo ya zama firaminista, ɗaya ya dawo ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa talaka cewa shi ma mutum ne. Wannan cibiya dai ita ce yau Farfesa Archer ke ci gaba da bincikenta a ciki.

Manyanmu masu alfahari da aci-balbal gaskiya suke faɗa, sun sha wuya. Abin da suke mantawa shi ne wanda ya goya su. Makarantar kwana kyauta, abinci sau uku, yunifom, sabulu, kuɗin mota ranar hutu, sannan sikolashif har jami'a, wani har ƙasar waje. Ɗan manomi da ɗan hakimi a ɗaki ɗaya suke kwana, malami ɗaya ke dukansu. Ɗan manomin ya ga yadda ɗan hakimi ke magana, ya ziyarci gidansu, ya ga akwai wata rayuwa. Waɗanda suka hau wannan tsani su ne suka riƙe ƙasa, kuma a hannunsu tsanin ya karye. Yau 'ya'yansu na makarantun kuɗi a Abuja ko a Ingila. Wanda bai son nisa ma an kawo masa har gida: Charterhouse, tsohuwar makarantar 'ya'yan manyan Ingila, ta buɗe reshe a Legas a 2024. A gefe guda UNICEF na cewa yaran Najeriya sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa. Yaron da ke riƙe da roba a bakin danja yana ganin mota mai baƙin gilashi, kamar yadda ɗan Poplar ke ganin bene. Bambancin shi ne ɗan Poplar yana da aji da malami da abincin rana.

Landan ta nuna cewa idan hukuma ta sa kuɗi da ido a makarantar talaka, cikin shekara goma ana ganin canji. Wannan na gwamnoni ne, kuma a riƙa tambayarsu a kai, musamman a tambaye su inda nasu 'ya'yan ke karatu. Amma akwai wanda ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ƙasa da yaro ɗaya cikin ɗari ne ya san aikin da yake so ta bakin wani ma'aikaci da ya zo ajinsu, a ƙasar da ke da hanya da mota da waya. A namu ƙauyukan sai abin da hali ya yi.

Saboda haka kai likita, ke lauya, kai matuƙin jirgi, ke injiniya, ko kana Landan ko kana Gusau: firamaren da ta yaye ka tana nan inda ka bar ta. Ka je ranar da ake karatu, cikin kayan aikinka, ka nemi izinin hedimasta ka shiga aji biyar. Ka gaya musu sunan unguwarku da sana'ar mahaifinka, ka faɗi darussan da ka riƙe da jarrabawar da ka ci da wadda ka faɗi. Kafin ka fito, ka bar wa hedimasta lambar wayarka.